Dariya a Bakin Gadon Majinyaci: Abin da Ya Sa Scrubs Ya Shiga Ran Jama'a



A ranar 2 ga Oktoban 2001, mako uku bayan harin 11 ga Satumba, gidan talabijin na NBC a Amurka ya fara nuna wani wasan kwaikwayo mai suna Scrubs. Amurkawa ba su cikin halin dariya a lokacin, kuma inda aka kafa labarin ma ba wurin dariya ba ne. Asibitin koyarwa ne mai suna Sacred Heart, inda ake turo mutane a kan gado, wasu su fita da ƙafarsu, wasu a fitar da su a lulluɓe. Duk da haka, daga 2001 zuwa 2010 wasan ya yi zango 9 da kashi 182, ya ci lambar yabo ta Peabody, kuma har yau likitoci da dama kan ce a cikin wasannin asibiti shi ya fi kama da rayuwarsu. Abin tambaya shi ne yadda aka yi wasan barkwanci ya sami wannan shaida, alhali akwai irin su ER da aka kashe wa maƙudan kuɗi don su yi kama da gaskiya.

Amsar tana farawa ne daga tsoro. Jarumin wasan, John Dorian, wanda kowa ke kira J.D., sabon likita ne da ya gama makaranta ya zo sanin makamar aiki. A kashin farko an nuna shi ya haddace littattafai kaf, amma hannunsa na rawa in an ce ya soka wa mutum allura, har sai ya laɓe bayan nas ta yi masa aikin. Likitan talabijin da aka saba gani jarumi ne mai shigowa da gudu yana ba da umarni. Wannan kuwa yaro ne da ke addu'a kada a kira shi cikin dare. Mai kallo yana jin abin da ke ransa, domin muryarsa ce ke ba da labarin, kuma kusan kowane kashi sunansa na nuna cewa labarinsa ne yake bayarwa. Duk wanda ya taɓa fara aiki yana fargabar a gane bai iya ba, malami ne ko direba ko lauya, ya san wannan hali.

Ba a ƙirƙiro tsoron nan a ɗakin marubuta ba. Bill Lawrence, wanda ya shirya wasan, ya gina J.D. ne a kan abokinsa na jami'a, Dokta Jonathan Doris, wanda ya riƙa ba shi labarin shekarunsa na koyon aiki, daga baya kuma ya zama mai ba wasan shawara kan harkar magani. An kuma ɗauki mafi yawan wasan a wani tsohon asibiti da aka rufe a Los Angeles, da dogayen barandunsa da ɗakunansa na ainihi. Ba a saka dariyar nan da ake naɗa ana sakawa bayan kowace magana a wasannin barkwancin Amurka ba. Wannan shawara ta yi amfani ƙwarai, domin ita ta ba wasan damar yin tsit a lokacin da ya kamata a yi tsit.

Kashi na huɗu na zangon farko ya isa misali. An ba abokai uku, J.D. da Turk mai koyon tiyata da Elliot, kowa majinyaci guda, an kuma sa mai kallo ya zaci ɗaya daga cikin majinyatan uku ne zai mutu. Majinyaciyar J.D. wata tsohuwa ce mai suna Misis Tanner, ƙodarta ta gaza, ta kuma ce ba ta son wankin ƙoda, ta ga duniya ta ƙoshi. Yaron ya rikice. Ya je ya rubuto jerin abubuwan da ya kamata mutum ya yi kafin ya bar duniya, yana karanta mata ɗaya bayan ɗaya don ta sake tunani, tana ce masa ta riga ta yi. A ƙarshe ita ce ta rungume shi tana lallashinsa, ita mai mutuwar. Kafin a tashi, majinyatan uku duk sun rasu. Kashin bai kai rabin awa ba, kuma mutum ya yi dariya a farkonsa har da riƙe ciki.

Nan ne gwanintar wasan take. Barkwancin da ke cikinsa irin na mutanen da suka kwana a tsaye ne, waɗanda in ba su yi dariya ba za su yi kuka a gaban dangin mara lafiya. An san wannan salo tun kafin Scrubs. Wasan M*A*S*H, na likitocin sojan Amurka a yaƙin Koriya, ya yi shi daga 1972 zuwa 1983, littafin Samuel Shem mai suna The House of God na 1978 kuma ya tona irin wahalar da ake ba sababbin likitoci. Wahalar kuwa gaskiya ce. Mutuwar wata yarinya 'yar shekara 18, Libby Zion, a wani asibitin Niyok a 1984, a hannun likitoci masu koyo da aiki ya yi wa yawa, ita ta jawo jihar ta ƙayyade musu awa 80 a mako a 1989. Sai a 2003 aka faɗaɗa ƙa'idar zuwa duk ƙasar, wato Scrubs na cikin tashensa ke nan. Awa 80 fa ita ce sassaucin.

Abu na biyu da ya riƙe masu kallo shi ne zaman malami da almajiri. Dokta Cox, wanda John C. McGinley ya fito a matsayinsa, ƙwararre ne mai zafin baki, yana yawan kiran J.D. da sunayen mata maimakon sunansa, kuma ya fi son ya haɗiye harshensa da ya yaba masa. J.D. kuwa yana bin sa kamar yaron maƙera da ke hura zugazugi shekara da shekaru yana jiran ranar da maigida zai ɗaga kai ya ce madalla. A gefe ga Dokta Kelso, shugaban likitoci, wanda ke fara duba ko majinyaci yana da inshora kafin ya duba ciwonsa. Ga Carla, babbar nas da ta fi sababbin likitocin sanin aiki, kuma ita ke rufa musu asiri. Wasan ya yi wa ma'aikatan jinya adalci a nan, abin da ya cancanci yabo.

A zango na biyar aka juya wannan dangantaka. Wata mata mai suna Jill Tracy ta rasu, Cox ya yi hanzarin a dasa sassan jikinta ga majinyata uku da ke jira. Ashe ciwon haukan kare ne ya kashe ta, ba wanda ya sani. Ukun suka mutu ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshen kuma mai ciwon ƙoda ne da zai iya jira wata guda. Irin wannan ya faru da gaske a jihar Texas a 2004, inda mutum huɗu suka rasu bayan an dasa musu sassan jikin wani mai ɗauke da cutar. A wasan, Cox da ya gama yi wa J.D. nasiha cewa likita ba ya ɗora wa kansa alhakin kowace mutuwa, shi ne ya yi wurgi da kayan aiki ya fice daga asibitin, ya koma shan giya. Almajirin ne ya je har gida ya zauna kusa da shi, ya gaya masa cewa yana alfahari da malamin da bayan shekaru masu yawa mutuwar majinyaci ke taɓa shi haka.

Wasan yana da nasa laifin. Wasu barkwancinsa kan mata sun yi muni, kuma a 2020 an janye kashi uku daga dandalin Hulu saboda an shafa wa fararen 'yan wasa baƙi a fuska. Zango na tara, da aka koma makarantar likitanci da sababbin fuskoki, bai karɓu ba. Akwai kuma sha'anin soyayya da holewa irin na Amurka da ba kowane gida ne zai zauna ya kalla tare da yara ba.

Sai dai ainihin labarin ba baƙo ba ne a nan. A Najeriya ma sabon likita yana yin shekara guda ta sanin makamar aiki, yana zagaya sashen yara, na haihuwa, na tiyata da na manya, yana kwanan asibiti, yana shan faɗa a gaban gado lokacin zagayen safe. Ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta sha shiga yajin aiki kan albashi da yanayin aiki, da yawa daga cikinsu kuma sun tattara sun tafi Ingila da Saudiyya. Tsoron J.D. na ya kasa samun jijiya ne a asibitin da ke da komai. Takwaransa na nan yana da wannan tsoron, sannan ga rubuta wa dangi takarda su je waje su sayo safar hannu da ruwan ƙari, ga neman wanda zai ba da jini da tsakar dare, ga ɗaukewar wuta ana cikin ɗinki. Marubutan Kannywood da ke neman labari mai dogon zango za su same shi a ɗakin hutun likitocin kowane asibitin koyarwa, in sun samu wanda zai zauna ya ba su labari yadda Doris ya ba Lawrence.