Masu Neman Hura Wutar Rana a Doron Ƙasa



Maganarmu ta yau a kan wuta ce, amma ba wutar murhu ba. A watan Disamba na 2022 gidajen rediyo sun ba da labari cewa masana a Amurka sun hura irin wutar da ke ci a cikin rana. Tun daga nan mutane su ke tambaya, wai shin lantarki ya kusa zama kamar ruwan gulbi ne, kowa ya ɗiba? To, ku kasa kunne, mu bi abin daki-daki.

Ku ɗauki dutse ku daka a turmi, ya zama gari. Ku niƙa garin, ku sake niƙawa. In da za a yi ta yin haka, ƙarshe sai a kai ga wani ɗan mitsitsin abu wanda ido ba ya gani. Sunansa ƙwayar zarra. Ruwa, da iska, da ƙarfe, da jikinmu, duk da ita aka gina su. Kowace ƙwaya tana da ƙwallo a tsakiya, kamar ƙwallon magarya, da waɗansu 'yan abubuwa masu ɗauke da lantarki suna kewaya shi.

Kun san ƙanƙara. In ta ji zafi sai ta zama ruwa, ruwa kuwa in ya tafasa sai ya zama tururi. Hali uku ke nan. Akwai na huɗu. In aka ci gaba da gasa tururin nan har zafi ya wuce misali, sai ƙwallon ya rabu da masu kewaya shi, kamar yadda surfe ya ke raba tsaba da dusa. Wannan hali shi masana su ke kira filasma. Kada sunan ya ba ku tsoro, kun sha ganinta. Walƙiyar da ta ke keta sama da damina filasma ce. Rana ma, ɗungum ɗinta, filasma ce.

Hanya biyu a ke samun wuta daga ƙwayar zarra. Ta farko ita ce faskare, watau a sami ƙwaya mai nauyi, irin ta yuraniyum, a fasa ta. Wannan an daɗe da iyawa, kuma ba nesa da mu ba. Tun 1971 a ke haƙar yuraniyum a Arlit ta ƙasar Nijar. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma akwai wata 'yar na'ura ta irin wannan aiki, wadda aka kawo daga ƙasar Sin, ta fara aiki a 2004. Ba ta ba gari wuta. Da ita a ke auna ƙasar noma da duwatsun ma'adinai, a ke kuma koyar da ɗalibai.

Hanya ta biyu ita ce haɗi, kuma ita ce ta rana. Kun ga yadda maƙeri ya ke haɗa ƙarfe biyu? Sai yaro ya yi ta zuga, ƙarfe ya yi ja wur, sa'an nan a ɗora a uwar maƙera a buga, biyu su zama ɗaya. Haka a ke yi a cikin rana, da ƙwayoyin wata iska marar nauyi, mai suna haidurojin. Su kuwa ba sa son juna. Suna ture juna kamar maganaɗisu biyu in an haɗa su fuska ɗaya. Sai zafi ya sa su gudu na fitar hankali, su yi karo, kana su manne. In sun manne, sabuwar ƙwayar ba ta kai nauyin waɗanda suka haɗu ba. Ɗan abin da ya ragu shi ne ya ke zama zafi da haske. Wani Bature na Ingila, Arthur Eddington, shi ya fara zaton haka a 1920, Hans Bethe kuma ya warware lissafin a 1939. Hasken da ya ke busar da barkononku a shanya daga wannan aiki ya fito, ya yi tafiyar mil miliyan 93 cikin minti 8 da 'yan kai.

Ga inda gizo ke saƙa. Ruwa yana tafasa a awo 100 na ma'aunin zafi. Ƙarfe yana narkewa wajen 1,500. Tsakiyar rana kuwa miliyan 15 ne. Amma rana tana da nauyi mai danne ƙwayoyin wuri guda, mu kuwa a nan ba mu da irin wannan guduma. Saboda haka tilas mu ƙara zuga, har zafi ya kai wajen miliyan 150, watau ninki goma na rana. To, a wace tukunya za a dafa wannan tuwo?

Masanan Rasha, Igor Tamm da Andrei Sakharov, su suka kawo dabara tun wajen 1950. Suka ce tun da filasma tana jin maganaɗisu, a yi mata ɗaki zagayayye mai rami a tsaka, kamar gammo, a naɗe shi da manyan maganaɗisu. Sai ta yi ta kewaye a tsakiyar ɗakin, a rataye, ba ta taɓa bango. Sunan wannan gammo tokamak. Ni dai a ganina, duk cikin labarin nan babu abin da ya kai wannan hikima. Sai dai filasma ba ta da haƙuri. Kamar riƙe tarwaɗa ne da hannu, ka matse nan ta sulluɓe can. Da ta taɓa bango sai ta huce, wuta ta mutu. Wannan ma wani alheri ne, domin irin wannan wuta ba ta ƙwacewa ta yi ɓarna.

Itacen wutar fa? Iri biyu ne na haidurojin mai nauyi. Ɗaya yana cikin kowane ruwa, har na rijiyarku, ɗan kaɗan. Ɗayan ba shi samuwa sosai, sai an yi shi daga wani ma'adini, litiyum, irin wanda a ke haƙa a Jihar Nasarawa.

Yanzu ga abin da aka samu a hannu. A Ingila, a 2023, wata na'ura mai suna JET ta ƙona makamashin da bai kai nauyin ƙwayar gero guda ba, ta ba da zafi kamar na fetur lita biyu, cikin daƙiƙa biyar. Abin mamaki ne, amma wutar da ta sha ta fi wadda ta bayar nesa ba kusa ba. Na Amurka kuwa da kuka ji a rediyo, wata hanya suka bi. Ran 5 ga Disamba 2022, a Kalifoniya, suka auna wani ɗan ƙwallo kamar ƙwayar masoro da kibiyoyin haske 192 gaba ɗaya. Suka zuba masa mudu biyu, ya mayar da uku. Shi ne karo na farko da aka ci irin wannan riba. Amma kafin a harba hasken nan, injinan sun sha kamar mudu 300. Zafin da aka samu kuwa, duka-duka, na tafasa ruwa lita 10 ne. Wanda ya je kasuwar Talata Mafara ya ci ribar naira ɗaya, kuɗin mota ya ci masa ɗari uku, ai bai dawo da komai ba.

Ba yau aka fara ɗoki ba. A Janairu 1958 jaridun Ingila sun yi shelar cewa wata na'ura, ZETA, ta gama aikin. Bayan 'yan watanni masu ita suka janye maganar.

Babban aikin da a ke sa wa ido yanzu yana kudancin Faransa, sunansa ITER. Ƙasashen Turai, da Amurka, da Rasha, da Sin, da Indiya, da Japan, da Koriya ta Kudu su suka yi karo-karo, suka sa hannu a 2006. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a ciki. Niyyarsu a zuba mudu ɗaya a sami goma. A 2024 suka ce ba za a fara ƙona cikakken makamashin ba sai 2039, kuma ko a lokacin gwaji ne, ba za a ja waya zuwa gidan kowa ba. Yaron da a ke goyo yau zai yi gemu kafin a sayar da wannan wuta a kasuwa.

Ku mutanen Bakura da Maradun da Mafara ba sai an gaya muku halin babban aiki ba. An gama dam ɗin Bakolori a 1978, har da ɗan injin lantarki a jikinsa, dattawa kuma ba su manta da rigimar diyyar gonaki ta 1980 ba. Don haka in wani ya zo da takarda, ya ce ku sa hannu ko ku ba da kuɗi za a kawo muku injin da ke yin wuta daga ruwa, ku karanta ta da kanku tukuna. Irin wannan inji babu shi a kasuwa ko'ina a duniya. Wutar rana da ta iso gare mu ita ce ta farantin nan baƙi da a ke kafawa bisa rufi, mai ja da famfo da cajin waya, kuma akwai cibiyar bincikensa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato.

Yanzu kowa ya ɗauko fensir. Malamin aji zai rubuta kalmomi uku a allo, ku kwafa: zarra, filasma, tokamak.