Tazarar Ƙafa Shida: Rayuwar Mai Sistik Faibrosis da Ƙwayar MRSA

 

Cutar da zan yi magana a kanta ba a cika jin sunanta a asibitocinmu ba. Ana ce mata sistik faibrosis. Ta fi yawa a Turai da Amurka, kuma gadonta ake yi ta wajen uwa da uba duka, kamar sikila. Likita Dorothy Andersen ce ta fayyace ta a New York a 1938, sai a 1989 aka gano ƙwayar halittar da ke jawo ta, wato CFTR, mai kula da shige da ficen gishiri da ruwa a jiki. In ta samu tangarɗa, majinar cikin huhu sai ta yi kauri ta yi danƙo, ko an yi tari ba ta fita duka. Duk ƙwayar cutar da ta faɗa ciki ta samu mazauni.

Wadda ta saba fara sauka, tun mara lafiya yana yaro, ita ce stafilokokus, mai sa maruru. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita a hanci, yana harkokinsa lafiya lau. Ita Alexander Fleming yake nazari a 1928 lokacin da ya gano fenisilin. Ba a jima ba ta daina jin sa. Aka fito da metisilin, amma a 1961 har an ci karo a Ingila da wadda shi ma ba ta jin sa. Ita ce MRSA. A Amurka akwai shekarun da ake samunta a kakin kusan ɗaya cikin huɗu na masu sistik faibrosis, kuma binciken da mujallar JAMA ta buga a 2010 ya nuna waɗanda ta kama sun fi sauran saurin rasuwa.

To, mu dubi mutumin da aka ce masa gwaji ya nuna MRSA. Dama can kullum safe da yamma yana shaƙar magani, ana bubbuga masa ƙirji don kakin ya taso, ba ya cin abinci sai da ƙwayoyin taimaka wa narkewa. Yanzu an ƙaro masa Septrin da rifamfisin, da man shafawa a hanci, da wanka da ruwan kashe ƙwayoyi, da wanke zannuwan gado da tawul a kai a kai. In aka yi dace ta tafi. In ta yi kaka-gida, sai kwanciya a asibiti na mako biyu ko fiye, ana ɗura masa bankomaisin ta jijiya, ana auna jininsa saboda maganin yana taɓa ƙoda.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba allurar ba ce. A 2013 gidauniyar masu wannan cuta ta Amurka ta tsaurara ƙa'ida: kada biyu daga cikinsu su kusanci juna ƙasa da ƙafa shida, kuma in taronta a cikin ɗaki ne, mutum ɗaya kacal za a gayyata. Ƙa'idar daidai take, domin suna shafa wa juna ƙwayoyi masu taurin kai. Sai dai ku duba abin da ta ci. Wanda ya fi kowa sanin wahalarka shi ne wanda aka hana ka zama kusa da shi. Ba dubiya, ba musabaha, in ya rasu ma sai ka yi lissafin wa za ka tarar a wajen ta'aziyya. Mu da muka ɗauki gaida mara lafiya ibada mun san nauyin wannan.

A 2019 an amince da Trikafta, maganin da ke gyara aikin CFTR ga mafi yawansu, kuma ya sauya rayuwar dubbai. Sai dai kuɗinsa a Amurka ya haura dala 300,000 a shekara, kuma ba ya mayar da huhun da ya riga ya lalace. Mutumin nan har yanzu ransa yana rataye da 'yan magungunan da suka rage.

A nan maganar ta iso gida. Ƙididdigar da mujallar Lancet ta buga a 2022 ta ce ƙwayoyin da ba sa jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, MRSA kaɗai fiye da 100,000, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowa asara. Septrin ɗin da wancan bawan Allah yake roƙon ya yi masa aiki, shi ake yanko wa mai mura guda huɗu a kemis ba takardar likita. Roƙona ga likitocinmu shi ne a aika kaki ko mugunya ɗakin gwaji kafin a sauya magani, masu kemis kuma su nemi takarda kafin su buɗe kwali.