Jiniya a Baya, Danja a Gaba



Batun da aka ɗora mana yau ƙarami ne a ido, amma ya haɗa shari'a da ran ɗan'adam a wuri guda. Ga shi a taƙaice. Direba ya tsaya a mahaɗar hanya, danja ta nuna ja, sai ga motar asibiti ta taso a bayansa tana busa jiniya. Hagu mota, dama mota, ba inda zai kauce sai gaba, gaban kuwa doka ta ce kada ya ƙetare farin layi. In ya tsaya cik, wataƙila wanda ke kwance cikin motar nan ya cika kafin a kai asibiti. In ya ƙetare, ya karya doka, kuma mai yiwuwa ya yi karo da wanda ya taho ta gefe bisa haƙƙinsa. Gaba kura, baya siyaki ke nan. Abin da muke so mu bincika shi ne, me doka ta tanadar wa wannan bawan Allah, kuma tanadin ya wadatar ko kuwa da sauran aiki.

Za mu fara da Birtaniya, domin a can wannan matsala ta fi fitowa fili, kuma daga can aka gado da yawa daga cikin dokokinmu. Turawan Ingila suna da littafin ƙa'idojin hanya tun 1931. Ƙa'ida ta 219 a cikinsa ita ce ta yi magana a kan motar asibiti da ta 'yan kwana-kwana da ta 'yan sanda. Ta umurci direba ya kasa kunne, ya sa ido, kada ya ruɗe, ya ba da hanya. Amma ta gindaya sharaɗi, watau ya ba da hanyar ba tare da ya saɓa wa alamun hanya ba, kada ya jefa kowa cikin haɗari, kuma ya guji hawa dakalin masu tafiya a ƙasa. Ƙetare danja kuwa laifi ne a ƙarƙashin dokar zirga-zirga ta 1988. Hukuncinsa na yau da kullum tarar fam 100 da maki 3 a kan lasin. Kada a raina makin nan. Wanda ya tara 12 cikin shekara uku galibi akan hana shi tuƙi wata shida, sabon direba kuma da ya tara 6 cikin shekara biyun farko sai a soke lasinsa. Ga mai tasi ko mai motar kaya, wannan magana ce ta abincin iyali.

Daɗin daɗawa, a ɗaya ɓangaren akwai dokar 2006 wadda ta mai da tare wa ma'aikatan agajin gaggawa hanya ba tare da hujja ba laifi. Su kuma masu motar asibiti a Ingila an ɗora musu mizani tun 2017, cewa su isa wurin wanda ransa ke hannun Allah cikin minti 7 a matsakaicin lissafi. Likitoci sun ce wanda zuciyarsa ta tsaya, kowane minti guda da ya wuce ba a taimaka masa ba yana iya rage damar tashinsa da kusan kashi 10 cikin ɗari. To, da wannan nauyi ne jiniya ke kuka a bayan direbanmu.

Abin mamaki shi ne, a da su kansu masu jiniyar suna cikin wannan tsaka mai wuya. A shekarar 1967 shugaban 'yan kwana-kwana na Landan ya ba direbobinsa umurnin cewa in za su wurin gobara suka tarar da danja, su tsaya, su duba, su kaɗa ƙararrawa, in hanya ta yi sarari su wuce. Wasu ma'aikatansa suka ce ba za su hau motar da za ta karya doka ba, aka ɗauki matakin ladabtar da su, suka garzaya kotu. Wannan ita ce shari'ar Buckoke, wadda kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 1971. Mashahurin alƙalin nan Lord Denning ya kawo misalin direban kwana-kwana da ya hango gida yana ci da wuta, ga mutum a tagar bene yana neman ceto, ga danja ta tsai da shi. Alƙalin ya yarda cewa a harafin doka lalura ba ta wanke direban daga laifi, amma ya nuna cewa irin wannan mutum yabo ya cancanta, ba gurfanarwa ba. Ma'aikatan suka faɗi ƙara. Bayan 'yan shekaru aka gyara ƙa'ida, har ta zama motar agaji tana iya ɗaukar danja tamkar alamar a dakata a duba kafin a wuce.

A nan ne gizo ke saƙar. An kwance wa mai jiniya dabaibayi, amma ba a kwance wa wanda ke gabansa ba. Izinin da doka ta ba direban motar asibiti nasa ne shi kaɗai, ba ya yaɗuwa zuwa motar da ta tare shi. Mutum ɗaya ne zai iya halatta wa direban gida ƙetare danja, shi ne ɗan sanda da ke bakin aikin ba da hannu a titi. Direban motar asibiti ba shi da wannan iko, ko da ya yi ta danna ƙaho.

A zamanin da ɗan sanda ke tsaye a mahaɗa, abin da sauƙi, don yana da ido yana da hankali, ya ga dalilin da ya sa mutum ya gota layi. Yanzu kuwa kyamara ce ke gadi. Ita ba ta jin jiniya. Tana ɗaukar lambar mota ne kawai, takardar tara ta iske mutum har gida. Haka abin yake ga wanda ya kauce ya shiga layin da aka keɓe wa bas, ko ya tsaya cikin akwatin rawaya da ake zanawa a tsakiyar mahaɗa. Lalle akwai ƙofar ƙorafi. Mutum yana iya rubuta wa hukuma ya yi bayani, ko ya je gaban alƙali ya kawo dalili na musamman don kada a ɗora masa maki. Kotunan Ingila kuma, tun daga shari'o'in Willer a 1986 da Conway a 1988 da Martin a 1989, sun karɓi cewa wanda halin da ya samu kansa ya tilasta shi karya dokar tuƙi don kauce wa mutuwa ko mummunan rauni yana iya samun kariya. Sai dai duk wannan bayan aukuwa ne. Wanda ya yi alheri shi zai ɓata lokacinsa da kuɗinsa yana neman wanke kansa, ba kuwa tabbas zai dace.

Kafin mu yi wa dokar Turawan nan tofin Allah tsine, ya kamata mu saurari hujjarta, domin tana da ita. Direban motar asibiti an horar da shi, motarsa tana da fitila mai walƙiya, tana da jiniya, kowa ya gan ta ya san abin da ake ciki. Motar gida da ta kutsa cikin mahaɗa ba ta da ko ɗaya. Wanda ya taho ta gefe, fitila ta ba shi hannu, bai san da zuwanta ba. In aka yi karo, maimakon majinyaci guda an samu uku, hanyar ma ta toshe gaba ɗaya, garin neman gira an rasa ido. Saboda haka ne ake koya wa direbobin agaji a can cewa in sun iske layin motoci a danja, ba wurin kaucewa, su kashe jiniya su jira, ko su bi ta ɗaya hannun in da hali, don kada su ingiza mutane cikin haɗari. Watau an ɗora nauyin yanke shawara a kan wanda aka horar, an sauke shi daga kan wanda bai san komai ba sai firgita.

Jamusawa sun ɓullo wa abin ta wata fuska. Dokarsu ta ce da zarar an ji jiniya haɗe da shuɗiyar fitila, kowa ya buɗe hanya nan take, kuma an fahimta a can cewa direba yana iya gota farin layi kaɗan cikin taka-tsantsan in ba wata mafita. Abin da ya fi burge mu shi ne tanadin da suka yi wa manyan hanyoyi. Da zarar cunkoso ya fara, tun kafin a ji wata jiniya, masu layin hagu na ƙarshe su matsa hagu, sauran duka su matsa dama, a bar fili a tsakani. Ostiriya ma ta ɗauki wannan tsari tun farkon 2012. A watan Yuli na 2017 wata bas ta kama wuta a babbar hanya a jihar Bavariya, mutum 18 suka rasu, masu ceto suka koka da yadda motoci suka ƙi buɗe musu hanya. Kafin shekarar ta ƙare aka ɗaga tarar ƙin barin wannan fili daga yuro 20 zuwa yuro 200 ko fiye. Hikimar tsarin ita ce an raba direba da shawarar gaggawa. Ya riga ya san inda zai nufa tun yana da natsuwa.

To, jama'a, mu dawo gida. Direban Nijeriya yana da irin wannan matsala, yana kuma da wata da ta fi ta. Bature in ya ji jiniya ya san rai ne ko gobara ko ɓarawo ake bi. Mu kuwa sai mun waiga mun tantance: majinyaci ne, ko motar kuɗin banki, ko wani babba ne ya makara zuwa ɗaurin aure? Ƙa'idojin hanya na ƙasa na 2012 sun iyakance waɗanda aka yarje wa amfani da jiniya, akwai kuma hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa tun 1988, amma duk mai bin titunanmu ya san tazarar da ke tsakanin takarda da kwalta.

Abubuwa biyu sun isa shaida. A watan Nuwamba na 2008, a Legas, sojojin ruwa da ke rakiyar wani babban hafsa suka jawo wata matashiya, Uzoma Okere, daga motarta suka lakaɗa mata duka, wai ba ta kauce wa ayarinsu da wuri ba. A 2010 babbar kotun Legas ta ba ta gaskiya, ta yanke diyyar naira miliyan 100. A ranar 12 ga Nuwamba 2013 kuma, Farfesa Festus Iyayi, marubuci kuma tsohon shugaban ƙungiyar malaman jami'o'i, ya rasu a hanyar Lakwaja yana tafiya taro Kano, lokacin da wata mota daga ayarin gwamnan Kogi ta yi karo da motar da yake ciki. Wannan rashi na gidanmu ne, mu mutanen jami'a. Illar irin waɗannan abubuwa ita ce jama'a sun koyi kauce wa jiniyar da ke tafe da bulala, sun koyi yin biris da wadda ba ta da ita. Wadda ba ta da bulalar kuwa ita ce ke ɗauke da mai naƙuda.

Dokokinmu ba su rasa abin cewa game da lalura ba. Sashe na 26 na kundin laifuffuka da ake aiki da shi a Kudu ya ɗauke alhaki daga wanda ya aikata abu cikin halin gaggawa na ba-zata, irin wanda mai hankali ba zai iya yin wani abu dabam ba. Malamanmu na fiƙihu kuma sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa lalura tana halatta abin da aka hana, suka biyo ta da 'yar'uwarta, cewa lalura gwargwadonta ake auna ta, kuma ba a gusar da cuta da cuta irinta. A ganinmu waɗannan biyun, in an haɗa su, sun warware yawancin matsalar. Mutum ya gusa taku biyu gaban layi bayan ya duba, don mota ta samu kafar wucewa, wannan gwargwadon lalura ne. Ya tsallaka mahaɗa gaba ɗaya a guje, ko ya manne wa bayan motar asibiti don ya tsere wa cunkoso, wannan son zuciya ne ya ari rigar lalura.

Saboda haka muna da kira ga mahukunta. A rubuta wannan iyaka ɓaro-ɓaro cikin ƙa'idojin hanya, a koyar da ita kafin a ba da lasin, domin kada a bar talaka da fassarar ma'aikacin da ya tare shi. Duk birnin da ya kafa kyamara ya tanadi mutum mai duba hoton kafin a aika tara, in an ga motar agaji a baya a yafe ba sai an roƙa ba. A kuma karɓe jiniya daga hannun wanda ba rai yake ceto ba, ko wane ne shi.

Mu kuma da ke wannan zaure, cikinmu akwai masu karatun lauya da masu karatun likita, akwai waɗanda gobe za a ba ofis da mota da direba. Kafin wannan rana, ga abin da ke hannunmu. In mun ji jiniya mu duba madubi, mu ba da sigina, mu kauce inda ake iya wuce mu, kada mu taka burki kwatsam, kada mu tsaya a kan kwana ko kan gada. In cunkoso ya tsai da mu, mu bar tazara tsakaninmu da motar gaba har muna ganin tayoyinta na baya a kan kwalta, domin wannan ɗan fili shi zai ba mu damar karkata ba tare da mun taɓa layin danja ba. Ranar da aka miƙa wa ɗayanmu mota mai jiniya kuwa, ya tambayi kansa ran wa zai ceto da ita kafin ya bari a kunna.

 Allah ya kiyaye mana hanya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.