Gam ɗin sitika a kan tsohon fenti



Yau batun sitika ne, wadda ake mannawa a ƙofar ƙarfe ko jikin babur. An ɓare ta, gam ya zauna daram.

Kar a sa reza, jama'a. Kar a sa yashi. Fentin da ranar Damagaram ta gasa shekara da shekaru ba ya jure kankarewa. Tina kuwa, wato ruwan sirka fenti, fentin take ci.

To, me za a yi? A bari rana ta ɗumama ƙarfen, gam ya yi laushi. A shafa man gyaɗa, a ɗan jira, a goge da tsumma mai taushi. Sannan ruwa da sabulu.

Amma a fara gwadawa a lungun da ido ba ya kaiwa.