Ciwon Saluɓewar Fata: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Ƙungiya, Minna



Aikina ajiyar katin marasa lafiya a asibiti, kuma a kan wani ciwo zan yi magana, wanda da yawanmu ke ɗauka ƙyanda ce ko sammu. Likitoci biyu a Amurka, Stevens da Johnson, suka fara bayaninsa a 1922, shi ya sa ake kiransa da sunansu. A 1956 likita Alan Lyell ya bayyana mafi muninsa.

Galibi magani ne ke haddasa shi, irin su Septrin, Fansidar, nevirapine, da magungunan farfaɗiya kamar carbamazepine. Mutum ya fara shan magani, bayan mako ɗaya zuwa uku sai zazzaɓi, makogwaro na ciwo, ido ya yi ja, baki ya yi gyambo. Daga nan fata ta tashi bororo ta riƙa saluɓewa kamar an kwara masa tafasasshen ruwa.

To yaya likita ke ganewa? Zai fara tambaya: me ka sha? Don Allah a faɗi gaskiya, har wanda aka saya a kemis ko wajen mai talla. Sannan ya auna faɗin wurin da ya saluɓe. Tafin hannun majiyyaci kusan kashi 1 ne cikin 100 na fatarsa. Ƙasa da kashi 10, Stevens-Johnson ke nan. Idan ya haura 30, na Lyell ne, kuma kusan mutum 3 cikin 10 ba sa tashi.

A kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 10, na farko lambarsa L51.1, na biyu L51.2. Kada ku raina lambar nan. Na taɓa ganin katin wata baiwar Allah da aka rubuta masa "ƙuraje" kawai. Bayan shekara aka sake ba ta maganin da ya kusa kashe ta, don ba wanda ya sani. Da an sa lamba da sunan maganin, da an kiyaye.

Saboda haka, in kun ga alamun nan, a tsai da maganin, a garzaya Babban Asibitin Minna ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida, tare da kwalin maganin. Kar a shafa toka, man ja ko jiƙo. In an warke, a roƙi likita ya rubuta sunan maganin a takarda, a riƙa nuna ta duk inda aka je neman magani. Ciwon ba ya yaɗuwa, don haka kar mu guji ɗan'uwanmu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.