Ciwon Hanta Nau'in B: Me Ya Sa Wani Ke Rabuwa Da Shi, Wani Ke Zama Da Shi?

Jawabin da Editan wannan jarida ya yi wa malaman yaƙi da jahilci a wajen taronsu na wata-wata.

 

Wani ɗalibin ajin dare ne ya kawo mini tambaya. Shi da ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya suke. An auna jininsu a asibiti, aka ce ƙwayar ciwon hanta nau'in B ta taɓa shigarsa ta fita, amma a jikin ƙanen ta zauna. Yanzu gida ya rabu biyu, wasu na cewa sammu ne, wasu na zargin matar ƙanen, har ana maganar saki.

To, jama'a, babu ruwan sammu. A jikin kowa akwai wasu 'yan aike da likitoci ke kira HLA. Idan ƙwayar cuta ta shigo, sai su tsinci guntunta su nuna wa dakarun jini, kamar yadda ake ɗaga takalmin ɓarawo a kasuwa don 'yan sintiri su gane mai shi. Waɗannan 'yan aike gadonsu ake yi, rabi daga uwa, rabi daga uba. Shaƙiƙai biyu ma, sau ɗaya cikin huɗu ne suke samun iri ɗaya sak. Wani irin yana nuna wannan ɓarawo sarai, wani kuwa dishi-dishi.

A 1995 aka buga wani bincike da aka yi a ƙasar Gambiya. An ga wani iri mai suna DRB1*1302 ya fi yawa a jikin yara da manyan da suka kori cutar. A 2009 kuma masana a Japan suka gano wani sashen, HLA-DP, yana da hannu a zaman cutar a jikin mutanen Japan da Tailan.

Amma kada mu ɗora wa gado komai. Ni a ganina shekaru sun fi shi nauyi. Jarirai 10 da suka kamu, kusan 9 za su zauna da cutar, su girma ba su sani ba, sai bayan shekaru hanta ta ƙandare ko daji ya fito. Baligai 100 kuwa, waɗanda take zaunar wa ba su cika kai 5 ba. Mai yiwuwa ne ƙanen nan tun yana goye ya kamu, kafin ma a haifi matar da ake zargi.

Ta jini da ruwan jiki ake ɗauka: wajen haihuwa, da saduwa, da askar wanzami ɗaya a kan mutum goma, da kaciya, da tsaga, da allurar da aka maimaita. Cin tuwo a kwano ɗaya ba ya kawo ta.

Tun 2004 Nijeriya ta sa riga-kafin wannan ciwo cikin alluran jarirai. Ta farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, kada a jira suna. Ku faɗa wa ungozomomi wannan. Mai ciki ta auna jininta. Wanda cutar ta zauna masa ya riƙa ganin likita, akwai maganin da ke danne ta, ya kuma guji giya da gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna.

Shi ɗalibin nawa na ce masa a fara kai matar da 'ya'yan asibiti a auna su, wanda bai kamu ba a yi masa allura.