Ƙwayoyin Cutar da Suka Daina Jin Magani a Asibitocinmu



Maganar da aka nemi in yi ta shafi cutar da mutum kan ɗauka a cikin asibiti, alhali wata lalura dabam ce ta kai shi. Mace ta sauka lafiya, bayan kwana uku sai jariri ya ƙi nono, jikinsa ya ɗau zafi. Ko kuwa a yi wa mutum tiyata, sai wurin ɗinkin ya yi ruwa. Wannan daɗaɗɗen abu ne. Abin da ke tayar wa likitoci hankali yau shi ne, a yi allurar da aka saba yi, cutar ta ƙi ji.

Tsakanin 2015 da 2017 an gudanar da wani bincike mai suna BARNARDS a kan jarirai a ƙasashe bakwai na Afirka da Asiya, kuma Asibitin Murtala Muhammad na Kano yana cikin wuraren da aka yi shi. Da sakamakon ya fito a 2021, sai aka ga ƙwayar cutar nan Klebsiella ce kan gaba wajen shiga jinin jarirai, kuma da yawa daga ƙwayoyin da aka samu ba su jin ampisilin da jentamaisin, wato magunguna biyun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara da su. Wani lissafin da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa a 2019 kaɗai, mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da suka bijire wa magani, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ta fi kowane yanki asara.

To, su wa ke kwance a gadajen asibitocin birni? Da yawansu mutanenmu ne na karkara, irin waɗanda akan ɗauko daga Gwarzo da Kabo, a biyo titin Gwarzo da su bayan abu ya faskara. A nawa ganin, ƙwayar cutar da ta gagari likita a Kano sau da yawa tun a gida ta yi karatunta. Mutum ya ji zazzaɓi ko gudawa, ya je kemis ya sayi kafso huɗu gwargwadon kuɗin aljihunsa, ya ji dama-dama, ya daina. Raunanan ƙwayoyi sun mutu, masu taurin kai sun tsira. Su kuwa waɗannan halittu, in sun sami yadda suke so, wasunsu cikin minti ashirin ɗaya kan rabu ta zama biyu. Har ma sukan miƙa wa juna dabarar tsira, ko da jinsinsu ba ɗaya ba ne. Haka kuma mai kiwon kaji da ke zuba maganin a ruwan shansu. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a 1928, tun a 1945 ya yi gargaɗi kan shan abin da bai kai ƙima ba. Ba a ji ba.

Amma kada mu ɗora wa talaka laifin duka. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Likitan da ke ƙaramin asibiti, in babu ɗakin awon da zai shuka jini ko ruwan miki ya ga wace ƙwaya ce, wane magani kuma ke kashe ta, dole ya yi ƙiyasi. Awon kan ɗauki kwana biyu zuwa uku, yana bukatar lantarki da ƙwararren ma'aikaci. Sa'an nan ƙwayar ba tashi take yi daga gado zuwa gado ba. Hannu ke kai ta, da almakashi, da robar fitsari.

Nan ne maganar ta zo kanku, ma'aikatan hukuma. Nijeriya ta fitar da tsarinta na farko na yaƙi da wannan matsala a 2017, ta hannun Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa. Amma tsarin Abuja ba ya kawo ruwa ɗakin haihuwa a Kabo. In takardar kasafi ta zo teburinku, ku duba ko akwai kuɗin rijiyar burtsatse, da sabulu, da gyaran tukunyar dafa kayan tiyata, da albashin mai awo, tun kafin a kai ga fentin bango.

Shugaba, a nan zan dakata, a ba masu tambaya dama.